Baƙo Ya Ɗauki Kayanmu, Shin Nauyin Ya Sauka Daga Wuyanmu?



Ya 'yan uwana mata, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ga ya dace in kawo ta gabanku mu tattauna. Tambayar kuwa ita ce: idan wani mutum daga wata uwa duniya, wanda ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba, ya zo ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen yi wa matanmu maganin ciwon da mu kanmu muke toshe hanci mu kau da kai, me ya hau kanmu game da shi? Kuma me ya rage a kanmu game da aikin da ya yi?

Abin da ya jawo wannan tambaya wata ɗalibata ce a ajin matan aure, 'yar wani ƙauye ta wajen Faskari. Yarinya ce mai ƙoƙari, har ta kusa haɗa izu goma. Da cikinta na fari ya tsufa sai aka mayar da ita gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Kwana uku ta yi a kan gwiwa. Aka yi rubutu, aka yi jiƙe-jiƙe, aka ce a bari mai gida ya dawo daga kasuwa, aka ce dare ya yi hanya ba kyau. Da aka kai ta asibiti a rana ta uku, ɗan ya riga ya koma. Ba a yi mako guda ba sai fitsari ya fara zuba ba tsayawa.

Bayan wata huɗu na je duba ta. Na same ta a wani ɗaki can ƙuryar gida, an shimfiɗa mata leda a kan tabarma. Ta rame ƙwarai, domin ta rage shan ruwa wai ko zubar ta ragu. Na ce, "Ƙanwata, ina karatu?" Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ai ko salla na daina, tunda ba ni da tsarki." Wallahi wannan magana ta fi warin ɗakin taɓa mini zuciya. Mijin kuwa tun ranar da aka sallamo ta bai sake leƙowa ba.

Cikin ikon Allah aka kai ta Babbar Ruga, aka yi mata aiki, ta warke sarai. Ranar da muka je barka, mahaifiyarta ta ce, "Allah Ya saka wa Baturen nan da ya faro wannan aiki." Nan take wata baiwar Allah ta ce, "Haba Inna, ki dai gode wa Allah, wannan ai ba Musulmi ba ne." Gardama ta kaure a tsakar gida. Ni dai ban ce uffan ba, amma tun daga ranar nake juya zancen a raina.

Kafin mu shiga gardamar, bari mu san ciwon tukuna, domin da yawanmu har gobe muna ɗora shi a kan iska ko sammu ko kishiya. Yoyon fitsari yana samuwa ne galibi idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya kasa wucewa ta ƙugu. Kan sai ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki sai mataccen naman ya zube ya bar ƙofa tsakanin mafitsara da gaban mace, fitsari ya riƙa bi ta nan dare da rana. Wani lokaci ƙofar ta ɓangaren bayan gida take buɗewa. Wasu har ƙafa takan shanye saboda jijiyar da aka danne. Yankan gishiri da ake yi da aska a gida shi ma yana haddasa shi. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga haɗari, amma har wadda ta haihu takwas yana iya samunta idan ɗa ya zo a gicciye ko ya yi girma. Ƙasashen Turai ma sun sha fama da shi a da, ya ɓace ne a can lokacin da asibitin haihuwa da aikin fiɗa suka wadata.

To, wane ne Baturen da Inna take nufi? Sunansa Dakta Kees Waaldijk, likitan tiyata mutumin ƙasar Holan. A shekarar 1983 ya zo Babbar Ruga, nan bayan garin Katsina kan hanyar Batsari, wanda a lokacin asibitin kutare ne, kuma aikin kuturta ya kawo shi. Sai ya tarar da mata masu yoyo ba su da mai duba su, ya fara gwada gyara su. Daga nan fa labari ya bazu, mata suka riƙa tururuwa daga Katsina da Kano da Sakkwato da Zamfara, har da Maraɗi da Damagaram. Ya shafe shekaru sama da talatin yana wannan aiki, yana zagayawa tsakanin Katsina da asibitin Murtala na Kano da Sakkwato da Zariya, ya yi wa mata sama da dubu 20 tiyata da hannunsa. Ya horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa daga Nijeriya da wasu ƙasashe. Shi ne kuma ya yayata cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da wuri, tun ciwon yana ɗanye, aka bar ta makonni tana shan ruwa da yawa, wasu ƙananan ƙofofin suna rufewa da kansu ba sai an yi fiɗa ba. A yau Babbar Ruga cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya ta masu yoyon fitsari, 'yan ƙasa ne suke tafiyar da ita, akwai irinta a Ningi da Abakaliki.

A daidai lokacin da yake wannan aiki a Arewa, can Kudu akwai wata likita 'yar ƙasar Ayalan mai suna Dakta Ann Ward, wadda ta riga shi zuwa Nijeriya da shekaru masu yawa. Tana daga cikin matan cocin Katolika da ake kira sista, waɗanda ba sa aure. Ta yi aikin likitar mata a asibitin Anua kusa da Uyo, daga baya ta tsaya kan cibiyar masu yoyon fitsari ta Itam a jihar Akwa Ibom ta yanzu, inda ta gyara dubban mata, ta kuma koyar da likitoci. Ta rasu a 2016. Abin da ya ja hankalina a tarihinta shi ne, har zuwa 1936 cocinsu bai yarda irin waɗannan mata su yi tiyata ko su karɓi haihuwa ba, ana ganin bai dace da kamun kansu ba. Da aka ga yadda mata da jarirai suke mutuwa sai aka janye hanin. Shekara guda bayan haka, a 1937, wata 'yar Ayalan mai suna Mary Martin ta kafa ƙungiyar mata masu aikin asibiti a nan Nijeriya, alhali tana kwance ba lafiya a Fatakwal. A wannan ƙungiya Dakta Ann ta tashi. Wato su ma sun yi irin muhawarar da muke yi yau a kan ko ya dace 'ya mace mai addini ta shiga ɗakin tiyata, suka yanke hukunci tun kusan shekaru 90 da suka wuce, suka ga amfaninsa.

Yanzu mu koma tsakar gidan Inna. Shin ta yi kuskure da ta yaba wa wanda ba Musulmi ba? Ni a fahimtata ba ta yi ba. Babu shakka Allah ne Mai warkarwa, likita sababi ne kawai. Amma gode wa sababi ba ya rage komai daga gode wa Mai sababin. Mu duba tarihin Manzon Allah (S.A.W). Lokacin da ya dawo daga Ɗa'ifa, Muɗ'imu ɗan Adiyyu ne ya ba shi kariya ya shiga Makka, alhali yana mushiriki, kuma a kan haka ya mutu. Bayan yaƙin Badar, Manzo (S.A.W) ya tuna da shi, ya nuna cewa da yana raye ya nemi alfarma a kan fursunonin yaƙin, da ya sake masa su. Haka nan a tafiyar Hijira, ɗan jagoran da ya san hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, ba Musulmi ba ne a lokacin, amma an amince da gwanintarsa da amanarsa. Saboda haka sanin alheri da faɗinsa tarbiyya ce ta gidan Annabta. Makomar mutum a lahira tana hannun Allah, ba a ɗora mana yanke ta ba. Abin da aka ɗora mana shi ne adalci, kuma yaba kyauta tukuici.

Wata za ta ce, "Malama, ai irin waɗannan mutane da manufa suke zuwa." To, ban musa ba, wasu sun zo ne ƙarƙashin mishan, kuma ba su ɓoye ba. Amma ina so mu tambayi kanmu da gaskiya: yarinyar da take kwance a kan leda, wadda mijinta ya guje ta, ƙawayenta suka daina cin abinci da ita, wa ya fi jefa imaninta cikin haɗari? Wanda ya ɗinke ta, ko mu da muka bar ta har ta daina salla? Idan muna tsoron manufar mai magani, maganin tsoron shi ne mu samar da namu masu maganin. Hana mara lafiya zuwa wurinsa alhali ba mu tanadi kowa ba, wannan zalunci ne a kan zalunci.

Nan ne na iso rabin tambayar na biyu, wanda ya fi nauyi. A darasin fiƙihu muna koya wa ɗalibai cewa farilla iri biyu ce. Akwai farilla ainihi, wadda take kan kowa da kansa, kamar salla da azumi. Akwai farillar kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita gwargwadon buƙata ta sauka daga kan saura, idan kuwa aka rasa masu yi, kowa ya shiga laifi. Misalin da muka saba kawowa shi ne sallar jana'iza. Amma malamai sun sa ilimin likitanci a wannan sahu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kawo haka a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, har ya koka da yadda ake samun garuruwan Musulmi ba su da likita sai wanda ba Musulmi ba, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani da an riga an sami masu yi musu hidima. Kun ji fa, sama da shekaru 900 ke nan, kamar da mu yake. A nan ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya rubuta littattafai a kan magani. Kuma tun a Madina akwai Rufaida Al'aslamiyya (R.A), mai tanti a masallaci inda take jinyar masu rauni, a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A) bayan an harbe shi a yaƙin Khandaƙ.

To, da baƙo ya zo ya ɗauki wannan kaya, shin ya sauka daga kanmu? Amsata ita ce bai sauka ba, saboda dalilai biyu. Na farko, sharaɗin kifaya shi ne a wadatar. Likita ɗaya, ko goma, komai ƙwazonsu, gyara suke yi bayan an yi ɓarna. Ba su da ikon shiga ɗakin da yarinya take naƙuda a Yankara ko Damari ko 'Yargoje su ce a fito da ita tun da sauran lokaci. Wannan ɓangare na aikin babu baƙon da zai iya yi mana shi, a hannun uwa da uwar miji da miji da ungozoma yake. Na biyu, Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya zo zai tsufa, zai koma gida, ko ya koma ga Mahaliccinsa. Al'ummar da ta jingina lafiyar matanta ga tausayin wanda ya ga dama ya zo, ba ta sauke farilla ba, ta dai sami wanda ya rufa mata asiri na ɗan lokaci.

Alhamdu lillahi, yanzu muna da 'ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya da suke wannan aiki, Allah Ya saka musu. Amma kowace mace a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ta san yadda ake neman ma'aikaciya mace a ƙananan asibitocin ƙauye a rasa, musamman da dare. Kuma a nan ne nake ganin mun riƙe abubuwa biyu da ba sa haɗuwa. Mai gida ya ce matarsa ba za ta je asibiti ba don kada namiji ya duba ta. Shi ɗin dai kuma ya ce 'yarsa ba za ta wuce firamare ba. To, daga ina macen da za ta duba matar tasa za ta fito? Daga sama za ta faɗo? Shari'a ta yi rangwame namiji ya duba mace idan larura ta kama, domin tsare rai yana gaba. Amma mu mayar da larura ta zama gado, kaka ta shiga, uwa ta shiga, jika ma ta shiga, alhali makarantar ungozoma tana nan Malumfashi, jami'a tana Katsina da Zariya, wannan sakaci ne, kada mu sa masa rigar kunya.

Wata kuma za ta ce ƙaddara ce. Na'am, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi. Amma Sayyidina Umar (R.A) da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma bayyana cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne, matan da ba su je awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, kuma matan da suka yi karatu sun fi tsira. Ashe akwai abin da yake hannunmu. Ƙaddara hujja ce ta haƙuri bayan an yi iya ƙoƙari, ba a kafa ta hujjar zama a naɗe hannu.

Ban manta da halin da yankinmu ya shiga ba. Mun ga sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, mun ga lokacin da aka rufe layukan waya a 2021, mun san ƙauyukan da aka tashi da hanyoyin da ba a bi bayan la'asar. Wannan duk gaskiya ne, kuma hukuma tana da nata babban alhakin na tsaro da asibiti da ma'aikata, wanda za a tambaye ta a kansa. Amma wahalar hanya dalili ce ta a yi shiri da wuri. Ga abin da nake ganin kowace ɗayanmu za ta iya.

Na ɗaya, tun ciki yana wata bakwai a zauna da mai gida cikin ladabi a nemi izini na dindindin, cewa ko yana nan ko ba ya nan, idan naƙuda ta zo za a tafi asibiti. A ware kuɗin mota, ko daga adashi ne, a san direban da za a kira. Wadda take ƙauye mai nisa, musamman mai cikin fari, ta dawo wurin dangi a cikin gari kusa da asibiti idan watanta ya kama.

Na biyu, naƙudar da ta wuce awa 12 ba a haihu ba, a bar jiƙo a nemi mota. Iyaye mata, don Allah mu rage kunyar ɗan fari. Yarinya tana murƙususu tana ɓoyewa don kada a ce ba ta da kunya, mu kuma muna yaba mata jarumta. Aska kuma kada ta kusanci gaban mace da sunan gishiri.

Na uku, duk wadda ta ga fitsari yana zuba bayan haihuwa, a kai ta asibiti a makon, kada a jira arba'in. Aikin gyaran kyauta ake yinsa a Babbar Ruga, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna warkewa. Wadda aka gyara ta kiyaye sharuɗɗan likita, haihuwarta ta gaba kuma lallai a asibiti.

Na huɗu, mu malaman Islamiyya mu koyar da hukuncin mai yoyo a fili. A mazhabarmu ta Malikiyya, fitsarin da yake fita ba da ikon mutum ba, kuma ya lazimce shi mafi yawan lokaci, ba ya warware alwala. Ta yi ƙunzugu, ta tsaftace abin da za ta iya, ta yi sallarta. Allah bai kore ta daga ƙofarSa ba, mu ma kada mu kore ta daga tabarmarmu. Mazajen da suke saki a wannan hali kuma a tuna musu cewa a wajen haifa musu ɗa ta gamu da wannan ciwo.

Na biyar, kowace unguwa ta ɗauki yarinya ɗaya mai ƙoƙari ta tsaya mata har ta zama ungozomar asibiti ko ma'aikaciyar jinya ko likita. Yadda muke haɗa kuɗin biki da gudummawar suna, haka za mu iya haɗa kuɗin makaranta. Idan ta yi aure a tsakiyar karatu, a sa ci gaban karatun cikin maganar tun wajen neman aure.

Ɗalibar nan tawa ta dawo aji, ta kuma ɗora daga inda ta tsaya. Kwanakin baya ta ce mini, "Malama, ƙanwata ta gama sakandare, Baba ya yarda ta nemi Malumfashi." Na ce mata wannan ita ce godiyar da ta fi kowace. Inna ta yi daidai da ta yaba wa baƙo, waccan baiwar Allah ma ta yi daidai da ta tuna mana cewa Allah ne Mai warkarwa. Abin da ya rage shi ne mu ɗauki kayanmu da kanmu, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu, Ya kuma yafe mana sakacinmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne.